Hannayen Mai Agogo

Ni aikin nas na yi har na yi ritaya, kuma zaman gida bai karɓe ni ba. Shi ya sa da aka ce ana neman wadda za ta riƙe ɗakin ciyar da tsofaffin unguwa, na ɗaga hannu tun mai sanarwa bai rufe baki ba.

Tsarin ba shi da wuya. Gwamnati ce ke ba da kuɗin cefane. Masallaci ya ba da ɗakin taronsa da ke gefe, mai tebura da fanka biyu, ɗaya tana aiki. Cocin da ke tsallaken titi ta ba da kicin da manyan tukwane. Matan ɓangarorin biyu su dafa tare, a turo abinci a baro a tsallako, tsofaffi su ci da rana. Sharaɗin gwamnati mai ƙarfi guda ne: duk mai jin yunwa ya shigo ya ci, ba a tambayar addininsa, kuma ba a haɗa masa abinci da ibada. Mai son addu'a ko wa'azi ya yi abinsa, amma a wani wurin ko a wani lokacin. Dukanmu muka gyaɗa kai muka sa hannu.

Ranar buɗewa Liman ya ce bari ya sa albarka, ya yi 'yar gajeriyar addu'a. Da ya shafa sai ya ga bai kyautu ya yi shi kaɗai ba alhali tukwanen na coci ne, ya ce Fasto ma ya yi. Fasto ya yi tasa. Washegari aka maimaita, daga nan abu ya zama jiki. Mutanen nan biyu aminai ne, tela ɗaya ma ke musu ɗinki, amma kowannensu yana da mabiya a zaune suna aunawa. Liman ya ƙara da roƙa wa marasa lafiya, Fasto ya ƙara da matafiya. Liman ya sako shugabanni, Fasto ya sako masu neman haihuwa, a ɗakin da autansu ya ba saba'in baya. Kafin a kai amin ta ƙarshe man miya ya daskare, shinkafa ta yi sanyi kamar ta kwana. Ina tsaye ina kallon hannayen masu ciwon suga suna rawa. Na yi tari, na buga ludayi a bakin tukunya, ba wanda ya san ina yi.

A cikin tsofaffin akwai Mai Agogo. Gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, sana'ar da ta mutu a hannunsa tun da kowa ya koma duba lokaci a waya. Ya daɗe a unguwar, ba mata ba ɗa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya shiga masallaci ko coci. Kujerarsa ita ce ta lungu kusa da taga. Da an fara addu'a, waɗannan su ɗaga tafi, waɗancan su sunkuyar da kai su rufe ido, amma kowa ya bar rabin ido a kansa don a ga wanne zai yi. Shi kuwa sai ya tura hannayensa ƙarƙashin tebur. Tsofaffi har musu suke yi a kansa, kowane ɓangare na cewa nasu ne, kunya ce kawai. Ana nan sai ya daina zuwa.

A haka jami'ar gwamnati ta same mu. Yarinya ce siririya mai tabarau, sa'ar 'yata ta biyu. Ta zauna a baya ta ji addu'o'in nan tun daga farko har ƙarshe, ta taɓa gefen faranti ta ji sanyinsa. Da aka watse ta tara mu ta yi magana a natse. Ta ce ita ma tana ibada, ba ta zo hana kowa ba, amma kuɗin nan na kowa da kowa ne, kuma a yadda ta gani sai mutum ya zauna an yi masa ibada biyu kafin ya kai loma baki. Za ta dawo ba tare da sanarwa ba. In ta tarar da haka, tallafin zai koma wata unguwa. Tana fita ta nuna kujerar lungu da ba kowa a kai, ta tambayi ko ta wane ne. Na ce ta wani tsoho ce, ba ya jin daɗi. Na ji haushinta sosai ranar, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban samu inda ta yi kuskure ba.

Taron kwamiti da aka kira bai haifar da komai ba sai hayaniya. Shugabanmu, Mai Katako, ya doki tebur ya ce gwamnati so take mu ci abinci kamar dabbobi, su riƙe kuɗinsu. Na tambaye shi ko daga gobe shi zai ɗauki cefanen. Ya ce ni dai bakina ba linzami, ya koma duba wayarsa. Liman da Fasto kuwa kowa ya zuba wa takalminsa ido. Muka tashi yadda muka zauna, tsofaffi kuma sun ji labari, har wata ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko da gaske za a rufe.

Washegari na zuba abinci a kwano na nufi rumfar Mai Agogo. Na same shi zaune cikin agogunan bango da suka tsaya, kowanne da nasa lokacin. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A gefensa akwai guntun burodi da ya bushe da kofin ruwa. Na tambaye shi abin da muka yi masa.

Ya daɗe yana juya wani ɗan sukurudireba kafin ya ce, "'Yar nan, yunwa na kawo muku. Ban zo a duba ni ba. Abin da ke tsakanina da Ubangijina, na kai shekarun nan ban sa kowa a ciki ba, sai yanzu don faranti ɗaya?"

Na ajiye masa kwanon na juya. Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan Liman, na ɗauko shi, muka tsallaka muka ɗauko Fasto. Ban gaya musu inda za mu ba. Na tsayar da su a bakin rumfar na ce, "Baba, don Allah maimaita musu abin da ka gaya mini."

Bai so ba, amma ya maimaita. Liman ya dubi guntun burodin nan, ya kau da kai. Can ya ce wa Fasto shi fa tun makon farko ya so ya daina, ƙafafunsa ma ciwo suke, amma ya ji tsoron in ya daina za a ce ya daina ne don ya rufe bakin Fasto. Fasto ya dafe kai. Ya ce shi kuma cewa ya yi ɗakin na masallaci ne, yaya baƙo zai ce wa mai gida ya taƙaita? Ashe duk sanyin shinkafar nan kara ce suke yi wa juna. Na ce to madalla, sun yi kara, ga wanda ya biya. Mai Agogo ne ya fara dariya, dariyar da ta ƙare da tari.

A bakin rumfar aka yanke shawara. Mai son addu'a kafin abinci ya biya masallaci ko coci da hantsi, ƙofa a buɗe take, a yi masa iya tsawon da yake so. A ɗakin cin abinci kuwa, da baro ya tsallako sai zubawa. Kowa ya ambaci Ubangijinsa a kan farantinsa yadda ya saba, ba mai jan kowa. Mai Katako ya yi ta ƙunƙuni, amma da Liman ya faɗi haka a masallaci, Fasto ya faɗa a coci, sai ya koma cewa ai dama ra'ayinsa ke nan.

Matsala ɗaya ta rage: mutanen nan biyu sun saba tsayuwa a gaban jama'a, ban san inda zan kai su ba. Sai na ɗaura wa kowa gyauton kicin a kan rigarsa na miƙa masa ludayi. Ba a yi kwana uku ba gasar ta dawo ta nan. Liman ya cika faranti, Fasto ya ɗora nama, Liman ya ƙara miya. Sai da na riƙa tsayawa a tsakaninsu don kada tukunya ta ƙare kafin layi. Amma kujerar lungu tana nan ba kowa. Kullum ina aika wa Mai Agogo kwano, kullum ya dawo da shi a wanke, shi bai zo ba.

Ranar da jami'ar ta dawo, baro na tsallakowa ta shigo. Ta tsaya tana kallon Liman da gyauto, Fasto da tire, tururi na tashi daga faranti. Ta leƙa ko'ina, ta yi wa tsofaffi tambayoyi, wata tsohuwa ta ce mata ta matsa tana tare mata fanka. Sai na ga idonta ya sauka a kan kujerar lungu. Ta tambaya ko har yanzu tsohon ba ya jin daɗi.

Fasto ne ya taɓa ni da gwiwar hannu. Mai Agogo ne a bakin ƙofa, ya yi wanka, ya sa wata tsohuwar kwat da ta sha guga. Liman ya ce masa a duk unguwar nan mai gyaran agogo ne kaɗai ke makara. Ya amsa da cewa ai da ya saba sai an yi awa guda ana roƙo, shi ya sa ya taho a hankali. Ɗakin ya kwashe da dariya, har jami'ar.

Ya zauna a kujerarsa. Liman ya ajiye masa faranti, Fasto ya ajiye ruwa, suka juya suka koma bakin tukunya. Na ga ya zaro hannayensa daga ƙarƙashin tebur, leɓensa ya fara motsi. Nan take tsohuwar da ke kusa da shi ta duƙufa kan shinkafarta, na gaba da ita ya shiga neman gishiri, Mai Katako ya ɗaga kai yana nazarin fankar da ba ta aiki. Ɗaki guda cike da 'yan sa ido, ba wanda ya kalla. Ni ma na juya na fuskanci bango, kuma har yau ban san yadda ya yi da hannayen nan ba.

Jami'ar ta zo kusa da ni ta ce a hankali, "Mama, ku ci gaba da girki. Akwai wata unguwa da suke rigima irin taku, zan turo su su gani."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na cika mata faranti ban tambaye ta ba. Ina miƙa mata na ji ana ƙwanƙwasa cokali a lungu. Mai Agogo ne ya ɗaga farantinsa, ya share shi tas.

"'Yar nan," in ji shi, "da zafinsa. A ƙaro."