Baba da Tantabarun Bakin Teku

Ni na kawo shawarar tafiyar nan, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Shekara huɗu ina aikin nas a ɗakin tiyata ban taɓa ɗaukar hutu mai sunan hutu ba. Da aka ba ni sati biyu sai na ce bari in fitar da iyayena waje su ga duniya. Wata abokiyar aikina ce ta nuna min hotunan wani gari a bakin teku, inda aka keɓe dausayi da tsibirai don tsuntsaye kaɗai. Ina gani na ce ai wannan wurin Baba ne.

Baba tela ne, ido ya sa ya ajiye keken ɗinki. Tun da ya bar shago ba shi da aiki sai tantabarunsa. Arba'in da 'yan kai ne a saman rufin gidanmu, kowace da sunanta, ya san wadda ke da masifa da wadda ke kasala kan ƙwai. Mutumin da ke son tsuntsu haka, na ce a raina, in ya ga dubbai a wuri ɗaya ai sai an riƙe shi.

Ranar da na nuna masa tikiti, ya daɗe yana juya takardar, sannan ya ce, "To wa zai ba su ruwa?"

Maƙwabcinmu Mai Walda ya yarda zai kula da su. Baba ya zaunar da ƙanwata Auta ta rubuta masa ƙa'idoji shafi uku. Mu huɗu muka tafi: ni, Baba, Umma, da Auta wadda ta ce ita hotuna za su kai ta, ba tsuntsu ba.

Washegarin saukarmu muka nufi dausayin. Jagoranmu wani dogon mutum ne da ba ya ɗaga murya, nan take Umma ta sa masa suna Mai Raɗa. Ya bi da mu ta wata doguwar gadar katako cikin ciyayin ruwa, har zuwa wani ɗakin katako mai siraran tagogi. A bakin ƙofa ya roƙe mu abu ɗaya: shiru. Na fassara wa Baba sau biyu.

A ciki akwai mutum kamar goma, kowa ya manna ido a madubin hangen nesa. Mai Raɗa ya nuna min wani tsoho a kusurwa, ya ce kwanansa huɗu yana zuwa, yana jiran wani tsuntsu da ba ya fitowa daga ciyawa sai ya ga dama. Na leƙa ta taga. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ruwa ya kwanta lumui, ga tsuntsaye farare da masu ruwan hoda sun cika shi har inda ido ya tsaya. Na miƙa wa Baba madubin ina jiran in ga fuskarsa.

Ya duba, ya sauke. "Balbela ce," ya ce. "Ƙafa kawai ta fi tamu."

"Baba, ku rage murya."

"Wancan kuma agwagwa ce da ba ta samu mai kiwo ba."

Can sai na ga tsohon nan na kusurwa ya ɗaga yatsa, kowa ya ɗauke numfashi. Wani tsuntsu mai launin ƙasa ya miƙo wuya daga cikin ciyawa a hankali. A daidai lokacin wayar Baba ta ɗauki ƙara, irin ƙarar da ya sa don kunnensa ya yi nauyi. Kuma ya ɗauka.

"Mai Walda, kana ji na? Gajera ta ci abinci? A'a, ba wannan ba, mai tabo a wuya."

Dausayin gaba ɗaya ya tashi sama. Da fukafukai suka lafa, babu komai a gabanmu sai ruwa da ciyawa. Tsohon ya miƙe. Ya naɗe kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya zo wucewa ya kalle ni, ni da ban yi komai ba. Na gwammace ya zage ni.

A mota na ce, "Baba, mutumin nan kwana huɗu yake jira."

"Allah sarki. Da ya zuba masa hatsi ai da tuni ya fito."

Abinci kuma nan ne filin Umma. Mai Raɗa ya kai mu wani shago a bakin ruwa da ya ce babu kamarsa a garin. Aka kawo faranti ɗaya babba, an tula ƙaguwa da jatan lande da wasu abubuwa cikin ɓawo da ban san sunansu ba. Umma ta leƙa, ta ja kujerarta baya.

"Wannan kallona yake yi."

"Ya mutu, Umma. An dafa shi."

"To ya mutu yana kallona. Ni duk abin da ƙafarsa ta wuce huɗu ba ya shiga bakina."

Auta ta hana kowa taɓawa sai da ta ɗauki hoto ta sama da ta gefe, har abincin ya huce. Baba ya ɗan tsakuri kifi, ya tattara burodin da ke kan tebur ya zuba a aljihu. Ni kaɗai na ci, da haushi na ci, har na yanke yatsa da ɓawon ƙaguwa. Kwana uku Umma ba ta ci komai ba sai shayi da burodi da dafaffen ƙwai, kuma kullum sai ta tambaye ni ko ƙwan na kaza ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne rana ta huɗu, ranar tsibiri. A can ne tsuntsayen teku suke ƙyanƙyasa, dubbai a kan dutse ɗaya. Jirgin ruwa ɗaya ne ke zuwa, sau ɗaya a rana, lokacin da ruwa ya ciko, kuma wata biyu kafin tafiya na kama mana wuri. Da safe na karɓe wayar Baba na jefa a jakata. Muka isa tasha da wuri. Umma, wadda ko gada ba ta son tsallakawa, ta sa rigar kariya daga nutsewa a kan mayafinta, ta zauna a tsakiyar jirgi tana addu'a. Auta ta bi ta. Baba ya ce zai zagaya ya dawo.

Minti goma, shiru. Na ce wa Auta ta riƙe mana wuri, na fita nema. Ba ya banɗaki. Ba ya wurin masu shayi. Na bi bayan rumfunan masu kifi, ina tsallake ruwan ƙanƙara da igiyoyi, sai ga shi zaune a kan wani akwatin roba da aka kife. Tantabaru sun kewaye shi suna tsattsagar burodin shagon nan. Irin tantabarun kan titi, masu datti, waɗanda ke kowane gari a duniya. Ɗaya tana hannunsa.

"Baba, jirgi zai tashi."

"Uwata, zo ki ga." Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Ba abin da zan gani. Ku saki tsuntsun nan ku tashi."

"Zo ki ga ƙafarta tukuna."

Na matsa don in ja shi ne, ba don in duba ba. Amma idon aiki ba ya tambayar izini. Zaren kamun kifi ya naɗe mata ƙafafu biyu, ya haɗe su wuri ɗaya, ya nutse cikin nama. Ƙafar hagu ta kumbura, yatsa ɗaya ya riga ya yi baƙi.

"Tun jiya da muka biyo ta nan na gan ta tana tsalle," ya ce. "Na kama ta, amma zaren ba na ganinsa. Idona ba zai iya ba."

Jirgi ya yi ƙaho.

"Ki tafi abinki," ya ce. "Zan jira ku a nan."

"In bar ku a nan? Ba ku jin yarensu, wayarku tana jakata, ko sunan masaukinmu ba ku sani ba."

"To ki cire mata, mu tafi tare."

"Wannan ba aikin minti biyu ba ne."

"Na sani," ya ce, bai kuma motsa ba.

Na san Baba. Na taɓa ganin ya warware riga gaba ɗaya ranar da mai ita ya zo karɓa, saboda ɗinki ɗaya ya karkace. Na tsaya a kansa, zuciyata tana tafasa, har wayata ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya, kuna ina? Sun cire igiya fa." A bayanta ina jin muryar Umma tana cewa a sauke ta.

"Ki riƙe Umma da kyau," na ce, na kashe.

Na tsuguna. A jakata akwai abin yanke farce da ɗan hantsakin gira. Wata mata mai feɗe kifi da ke kallonmu tun ɗazu ta ajiye wuƙarta, ta kawo ruwa a roba da gishiri a tafin hannu, ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba. Baba ya kwantar da tantabarar a cinyarsa, ya rufe mata kai da gefen rigarsa, nan da nan ta yi lamo. Na fara bin zaren. Zagaye goma sha ɗaya ya yi a ƙafar hagu kaɗai, har da gashi da ya cuɗe a ciki. Ina yanka, ina zarewa, ina faɗa.

"Wata biyu ina shirya tafiyar nan. Na yi rigima da shugabarmu kafin ta sa hannu a hutuna. Na ce Baba na son tsuntsaye. Na kawo ku inda mutane ke tasowa daga ƙarshen duniya su gani, kun ce balbela ce. Yanzu ga ni a bayan rumfar kifi ina yi wa tantabarar bola tiyata."

"Hannunki bai rawa," ya ce. "Ko kina faɗa bai rawa. Ban taɓa ganin kina aiki ba."

"Kada ku canza magana."

"Ban canza ba." Ya gyara riƙon fiffiken. "Waɗancan na cikin ruwa suna da kyau, ban ce ba su da shi ba. Amma ba ruwansu da ni. In na zo, in ban zo ba, duk ɗaya. A ce mutum ya ɓuya a ɗaki yana leƙen tsuntsu kamar ɓarawo. Ni na saba da wanda in na hau sama zai sauko min a kafaɗa."

"Me ya sa ba ku faɗa ba tun a gida?"

"Kin zo da takarda a hannu kina murna. Me zan ce?"

Maganar ta ƙara min haushi. Na zare zagaye na ƙarshe, na wanke ƙafar da ruwan gishiri. Baƙin yatsan ba zai dawo ba, amma sauran za su yi. Baba ya buɗe hannu. Ta tsaya a ƙasa tana ɗingishi, ta yi taku uku da ƙafafu a rabe, ta tashi ta hau rufin rumfa. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Matar nan ta gasa mana kifi biyu a kan garwashi, ta matse musu lemun tsami, ta miƙo a takarda. Muka ci da hannu a kan akwatin roba. Shi ne abinci mafi daɗi da na ci a garin, amma ban faɗa wa Baba ba, don ban gama fushi ba.

Da la'asar jirgi ya dawo. Umma ce ta fara fitowa, riƙe da hannun Mai Raɗa, mayafinta duk fararen tabo.

"Yaya tsibirin?" na tambaya.

"Dutse ne da kashin tsuntsu. Ga wari, ga ihu, kamar kasuwa ta kama da wuta. Sau uku suka yi min a ka." Ta numfasa. "Amma akwai wasu ƙanana masu jan baki, suna tafe kamar an sa musu takalmin da ya fi ƙarfinsu. Waɗannan kam na yi dariya. Ku kuma uban me kuka tsaya yi?"

"Tiyata muka yi," in ji Baba.

Na ce wa Auta ta nuna min hotuna, ko in rage zafi. Ta ce tun da jirgi ya fara tangaɗi kanta ke cikin leda, ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Washegari akwai wani dausayin a jerin da na tsara. Muna karyawa Baba ya ce shi a bar shi a tasha, ya ga wasu tantabaru biyu suna tsalle irin na mai zaren nan. Umma ta ce ita ta ga tsuntsun da zai ishe ta har ƙarshen rayuwa. Auta ta ce har yanzu ƙasa na juya mata. Na kira Mai Raɗa na ba shi haƙuri, ya amsa da sauri har na ji kunya. Sannan na sauka wurin mai masauki na tambaye shi inda ake sayar da ƙaramin almakashi da safar hannu.