Tayoyin Alhaji Rafi'u

Sumaila fita, wato makanike, yana kwance ƙarƙashin Landirobar Alhaji Rafi'u a unguwar Alabar, yana ƙara wa sifirin ɗin baya ganyen ƙarfe, Alhajin na tsaye a kansa yana azalzala. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana, wa'adin kuwa ya zo wuya. Alhaji dillalin goro ne, jikan Kanawa, shi ma barin ƙasar zai yi. Sumaila a Tafo, nan cikin Gana, aka yanke masa cibi, amma ubansa mutumin Nijar ne, takarda kuwa ko launinta bai sani ba. Matarsa Hamamatu na da tsohon ciki, ba ta iya turmutsitsin bayan babbar mota. Alhaji ya yi musu alkawarin bencin baya, ladan aikin ke nan.

Saboda haka Sumaila ya riƙe motar kamar ta ubansa, musamman da ya ji ta daji za a ratsa don kauce wa shingayen hanya.

"Alhaji, tayoyin siks-handired ɗin nan ba za su kai ka ko garin Yeji ba koraa, ko kusa," in ji shi. "A saka seban-fifti mai manyan haƙora. Cikin mota zai tashi, kututture ba zai taɓa shi ba."

"Yoo, na ji. Tayar safaya fa?"

"Biyu. Daji ba mai faci."

Ya zaga unguwar Sofoline da ƙafa har ya haɗa tayoyi shida masu kyau, yana ta murna, bawan Allah.

Ranar tafiya da hantsi, yana ɗaura tayar ƙarshe, ta baya ta hagu, Hamamatu ta iso da ƙunshinta a ka. A nan matsala ta ɓullo. Aka ɗora safaya a kan bonet, girmanta ya tare wa direba hanya. Rufin mota kuwa akwatuna sun cika shi maƙil. Alhaji bai ɓata lokaci ba.

"A sa su ciki, kan bencin baya."

Sumaila ya saki notocin da ya murɗa da yatsa kawai, ya miƙe. "Alhaji, wurin zamanmu ne."

"Ba kai ka ce biyu ba?"

"A sauke akwati ɗaya mana."

"Akwatin atamfa? Kana da hankali?"

Hamamatu ta durƙusa da ƙyar. "Baba Alhaji, ko ni kaɗai ce, sai in zauna kan tayar."

"Ki haihu mini a daji? Tashi, 'yata. Allah zai kawo muku wata motar."

Ya faɗi haka cikin fara'a, kamar mai sallamar ɗan aike. Abin da ya fi ƙona ran Sumaila ke nan. Shekarun da ya yi yana shan baƙin mai a gidan nan, ashe ko darajar roba bai kai ba.

Direba ya zare jak, iyalin Alhaji suka duru ciki, mata da yara. Alhaji ya leƙo ta taga.

"Fita, komai ya ɗauru?"

Sumaila ya dubi tayar hagu. Notocinta za su riƙe a kan kwalta, watakila har bayan garin Mampong, kafin gargada ta fara. Sifana na hannunsa. Ya dubi Hamamatu, wadda har yanzu ta kasa tashi daga ƙasa.

"Komai ya ɗauru, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya."