Lambar da Ke Ƙasan Kwali

"Ina takalmina?" in ji Malam Fensir, yana laluben ƙarƙashin gado da ƙafa ɗaya.

"Baba, don Allah ka kwanta," in ji Auta, 'yarsa, ta mayar da ƙafar kan katifa.

Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki, tana tsaye bakin ƙofa, igiyar awo rataye a wuyanta. Hayaniyar ta jiyo ta bar keken ɗinkinta ta shigo. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninsu, ba ta taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya ba sai yau, yau ɗin da likita ya riga ya ce a kawo shi gida zuciyar ta gaji.

"Me aka yi masa?"

"Daga kwaleji aka bugo waya, Inna. Wai sabuwar shugabar laburare ta sa a kwashe ɗakin tsofaffin takardu. Kwalayen ba su da lamba, ba wanda ya san abin da ke ciki. Mota na can ana lodi, bola za a kai a ƙone."

"Suna da lamba!" Malam ya buga katifa da tafin hannu, tari ya sarƙe shi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin takardun kafin ya yi ritaya. Bai yarda biro ya kusanci takarda ba, kullum fensir na maƙale a kunnensa, har yaran layin suka laƙa masa sunan. Ko yanzu da yake kwance yana nan a kunnen.

Da tarin ya lafa ya dubi Tela. "Maƙwabciya, a ƙasa nake rubutawa. In ka manna takarda a gaban kwali, kyankyasai su bi gam su cinye ta cikin wata uku. Sai na koma rubutawa a ƙasan kwalin. Kowace lamba da katinta." Ya nuna saman kwaba. "Ga su can a gwangwanin biskit."

"A nan? Katin kwaleji a saman kwabarka?"

"Na kawo ne in sake kwafe su da kyau in mayar..."

"Shekara uku kana kwafewa! Kai Malam, kai ma da laifinka wallahi." Ta sauko da gwangwanin ta goge ƙurarsa da gefen zane. Haushi take ji, tausayi kuma ya fi haushin yawa. "Kwanta. In ka mutu kafin in dawo, ban yafe ba."

Rabonta da gudu tun tana budurwa, amma ranar ta taɓa. Ta sauka daga motar haya tana haki, mai gadi na kiran "Mama, ina zuwa?" ko waiwaye ba ta yi ba. A bayan laburare ta tarar da motar, an loda fiye da rabi, leburori uku na cilla kwalaye sama. Ta je ta tsaya daidai gaban motar ta rungume gwangwaninta.

"Ku kira min babbarku."

Shugabar ta fito, matashiya ce mai tabarau, fuskarta duk gajiya. Ta gaishe ta da ladabi.

"Mama, rufin ɗakin yoyo yake. Na duba kwamfuta, na duba rajista, babu komai a kan kwalayen nan. Na buɗe biyar, takardu ne ɗaure da tsumma. Ba zan iya ajiye abin da ban san ko mene ne ba."

"Tsumma?" Tela ta dafa ƙirji. "Ni na ɗinka tsumman nan, 'yata, da farin yadi mai kyau. Allura tsatsa take yi, roba ta narke ta kama takarda, shi ya sa Malam ya ce in riƙa yi masa ɗauri na ƙyalle. Kai, mai jar hula, kife wannan kwalin."

Leburan ya dubi shugaba, ta gyaɗa kai. Ya kife. A kusurwa, da ƙaramin rubutu tsaf, ga 87.

Tela ta buɗe gwangwanin ta miƙa. "Ni idona sai ramin allura. Nemo tamanin da bakwai."

Shugaba ta zaro katin ta karanta a fili: "Rajistar ɗaliban shekarar farko da hotunansu. Babu kwafi."

"Buɗe. Za ki ga ɗaurin da jan zare a gefe. Duk mai jan zare, babu irinsa ko'ina a duniya, haka ya ce min."

Aka buɗe. Ga jan zaren, ga littafi mai baƙin bango, ga samari da 'yan mata arba'in a jere cikin hoto suna kallonsu. Shugaba ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta sa aka kife wani, 12, wasiƙun da aka rubuta da hannu lokacin neman filin kwalejin. Wani kuma, 130. Kowanne ya yi daidai da katinsa.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali. "Da yanzu na ƙone su." Sai ta ɗaga murya: "Ku sauke! Duka! A hankali, kar wanda ya sake cilla min kwali. Ofishina za a kai."

Nan wurin ya koma kamar kasuwa. Lebura ya kife kwali ya ƙwala lamba, shugaba ta amsa da abin da ke ciki, ɗalibai masu wucewa suka ajiye jakunkuna suka shiga ɗauka. Tela na zaune kan dakali tana ba da umarni, daɗi ya cika ta har ta manta gwiwarta na ciwo.

Tare suka koma gidan. Shugaba ta durƙusa gaban gadon.

"Baba, ka yafe min. An sauke su duka."

Idonsa a rufe ya ce, "Nawa?"

"Ɗari da arba'in da biyu."

"Da uku ne."

Tela ta ce, "Oh ni, Malam! Ana ba ka ka ce saura?" Amma shugaba ta riga ta zaro waya ta buga kwaleji ta ce a sake dubawa. Aka jira. Auta na yi masa fifita, numfashinsa na fita da ƙyar, Tela na addu'a a ranta kar ya tafi da guda ɗaya a wuya. Can wayar ta yi ƙara. Shugaba ta saurara, sai ta fashe da dariya hawaye na zuba.

"An gan shi, Baba. Yana gaban mota, direba ya ɗora kular abincinsa a kai."

Malam ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. Shugaba ta buɗe littafi ta ciro biro don ta rubuta yadda ya tsara ɗakin. Ya ɗaga yatsa ya kaɗa. Ya zaro fensirin kunnensa ya miƙa mata.

Ya yi mata bayani kusan rabin awa, yana yi yana hutawa, tana rubutawa. Da ya gama ya juyo wajen ƙofa.

"Maƙwabciya, ashe kina gudu."

"Kai ka sa ni, da tsufana."

Da yamma, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ya cika.

Bayan kwana tara shugaba ta aiko da farin yadi, ana son ɗauri ɗari biyu, hamsin masu ja. Tela ta yanka shi siri-siri ta jera a kan tebur. Ta ɗan saurara wajen katanga, inda ta saba jin tarinsa da safe. Sannan ta lashi bakin jan zaren, ta zura shi a allura, ta ɗora ƙafa a kan keke.