Tsagar da Densiyo Ya Gani

A tsaunukan Danao, in dai maganar tsohuwar libarba ce, Densiyo ake nema. Ya bar ƙira tun da ƙarfi ya ja baya, amma idonsa yana nan daram, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yabi ƙarfen banza ko ya kushe na kirki. Shi ya sa surukinsa Jomar ya goyo shi a babur da hantsi, wai ya zo ya duba masa bindiga kafin ya saya.

Densiyo bai so zuwan nan ba. Ran Lahadi ya ga 'yarsa Lorna a coci da riga mai dogon hannu cikin wannan zafi, tana ɗingishi, wai santsi ne ya kwashe ta. Shi kuwa mijin nata, Jomar, cewa ya yi ɓarayin kaji ne suka dame shi. Mutumin da zakara ɗaya tal gare shi, shi ma a ƙarƙashin gado yake kwana.

Rumfar Toldo mai sayarwa tana bayan gidansa, cikin ayaba. Tare suka taso da Densiyo, shi ne ma ya riƙe Lorna ranar baftisma, ya zama ubanta na biyu; tun daga nan suke kiran juna Pare.

"Pare, ashe kana da rai?" in ji Toldo. "Na ɗauka matarka ta sayar da kai."

"Ta kai ni kasuwa, an rasa mai tayawa."

Toldo ya warware wani tsumma mai maiƙo. "Ta wani mai gadi ce da ya yi ritaya. 'Yar waje ce, ba ƙirarmu ba. Shekara da shekaru ban riƙe irinta ba."

Densiyo ya buɗe ta, ya tabbatar ba harsashi, ya ɗaga ta sama ya leƙa bututun. Tas, ko ɗigon tsatsa babu. Ya ɗana kunamar, ya girgiza gidan harsashin da yatsa, ko gezau. Ya sake dubawa yana roƙon Allah ya nuna masa aibi ko da guda. Amma bindigar lafiya lau take.

"Yaya, Tay?" Jomar ya kira shi yadda ake kiran uba a nan, ya matso yana warin giyar kwakwa tun rana ba ta take ba. "Ni ba nesa nake so ba. Kamar daga nan zuwa wancan tulun, ba ta kuskure ko?"

Densiyo ya dubi tulun. Faɗin ɗaki ne, ba nisan ɓarawon kaji ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Akwai tsaga," ya ce.

Fara'ar Toldo ta ɗauke. A wannan tsaunin, ka ce mutum yana sayar da ƙarfe mai tsaga daidai yake da ka ce yana guntule hannun maƙwabta. Maganin zargin kuma ɗaya ne kowa ya sani: mai kaya ya ɗura, ya harba da hannunsa a gaban mai saye.

"Ni za ka yi wa haka, Pare? A gaban yaro?" Ya ɗebo harsasai daga gwangwani. "Duk shidan zan harba. In ta fashe, hannuna ne."

Jomar ya washe baki, ya ja baya yana toshe kunne. Densiyo ya sani sarai, da ƙarar farko ƙaryarsa ta ƙare, bindiga kuma ta tafi gidan Lorna. Ya damƙe wuyan hannun Toldo.

"Duba da kyau tukuna, Pare. Gidan 'yarka za ta kwana."

Toldo ya tsaya. Ya dubi abokinsa, wanda bai taɓa yi wa ƙarfe ƙarya ba, ga gumi yana tsiyaya a wuyansa. Ya juya ya dubi Jomar, idonsa ya daɗe a kan bayan hannun yaron na dama, inda fata ta saluɓe irin ta mai naushi. Sannan ya mayar da harsasan cikin gwangwani, ya ɗaga libarbar wajen haske.

"Af, ga ta nan kuwa," ya ce a hankali. "Tsufa ya ci mini ido."

Ya ɗora ta a kan maƙera, ya ɗauki guduma. Densiyo ya kau da kai. Da aka gama, bututun ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Jomar ya yi tsaki, ya tofar da yawu. "Ku dai tsofaffi sai a bar ku. Kamar ku kaɗai ne masu ƙarfe a dutsen nan. Berting ma yana da guda biyu, shi kuma ba ya bukatar mai duba."

Ya buga babur ɗinsa ya haura sama, ko waiwayen surukinsa bai yi ba. Suka tsaya suna jin ƙarar tana nisa cikin ayaba.

Toldo ya yar da gudumar, ya turo nasa babur ɗin daga ƙarƙashin rumfa.

"Lorna tana gida yanzu?"

"Tana gida."

"To hau, Pare, mu je mu ɗauko ta. Berting ba ya dogon ciniki."