Rediyon Aji Shida

Ruwan da ya yoyo ta rufin aji ne ya tona asirin. Ya jiƙa littattafan da ke cikin kabad, da suka bushe sai wasu shafuka suka manne da juna. Malamar aji shida ba ta lura ba sai da ta tsaya a bayan yarinyar da ake ce wa Rediyo, tana sauraronta tana zuba karatu kamar an kunce famfo. Yatsanta yana bin layi, bakinta yana ba da labarin manomi da jakinsa. Amma shafin da ke buɗe a gabanta na gaba ne, mai hoton jirgin ƙasa. Manomi da jakinsa suna can a manne, ba mai ganinsu.

Ta kai aya, yara suka tafa. Malama kuwa ta gane hadda ce, ba karatu ba.

Haka ake koyarwa a makarantar tun kafin ta zo: malami ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi, sau goma, sau ashirin, har bango ma ya haddace. Rediyo kuwa Allah ya yi mata kunne. Shekara shida ita ake tayarwa in an yi baƙi.

Da aka fita tara, Malama ta tsayar da ita, ta rubuta kalma ɗaya a allo.

"Karanta min."

Yarinya ta dubi allo, ta dubi bakin Malama, tana jiran a fara mata. Da ta ga ba za a fara ba, sai hawaye.

"Don Allah kada ki gaya wa kowa, Malama."

"Ba laifinki ba ne, namu ne. Gobe ki zo da kwali, littafin ki bar shi a gida."

Hedimasta bai so ba. "Malama, saura wata huɗu jarrabawar shiga sakandare. Wa ya aike ki tone-tone? Yarinya tana karatu, kowa yana jin daɗi."

"Ranka ya daɗe, a ɗakin jarrabawa ba wanda zai fara mata."

"To, ke kika sani. Kada dai ki ɓata rawarki da tsalle."

Malama ta yanka kwalin da almakashi, kowane yanki da harafinsa. Kullum da tara sai su shige sito, tsakanin tsintsiyoyi da karyayyun kujeru, inda ba idon yara. Ranar farko Rediyo ta haddace jerin haruffan tsaf, domin mai hali ba ya fasa halinsa. Malama ta gano ta, sai ta koma zuba su a gwangwanin madara tana girgizawa, wanda ya faɗo shi za a faɗi sautinsa. Daga nan a haɗa biyu, a haɗa uku, a rubuta da yatsa a farantin yashi, a share, a sake. Wani lokaci yarinyar ta yi fushi ta watsar da yashin. Malama ta miƙa mata tsintsiya, in ta share su ci gaba.

Cikin sati shida Rediyo ta koma in'ina a aji, tana jan kalma kamar mai jan guga. Yara suka ce batir ne ya yi sanyi. Abin yana yi wa Malama ciwo, amma ba ta mayar mata da haddar ba.

Wata Laraba sai ga uwar yarinyar, mai sayar da ƙwai a bakin titi, ta faɗo sito ba ko sallama. Tana rataye da jakar da aka ɗinka da tsohon buhu, yayyafi ya jiƙa ta.

"Ke ce malamar? Na kawo 'yata tana karatu kamar a gidan rediyo, kin mayar min da ita mai in'ina! Jiya a gaban dangin ubanta na ce ta karanta, ta tsaya tana 'ba, ba' kamar tunkiya. Me na tare miki? Yau zan cire ta."

"Mama, ki zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Ta damƙi hannun 'yar. Malama tana da bayani cike da baki, amma ta san ba wanda zai shiga kunnen matar nan. Ta ajiye gwangwanin.

Yarinyar ba ta motsa ba. Idonta yana kan jakar. Ta ɗora yatsa a kan jan rubutun da ya fara koɗewa.

"A... a-ji-ye... a bu... bu-sas-shen... wu-ri."

"Me kike cewa?"

"Jakarki, Mama. An ce a ajiye a busasshen wuri."

Uwar ta sauke jakar, ta ƙura wa rubutun ido. Ta dubi Malama, ko ita ce ta raɗa mata.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya fara min," in ji yarinyar.

Matar ta shafa jakar. "Shekara uku ina yawo da ita a cikin ruwa," ta ce a hankali, "ba wanda ya faɗa min."

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Uwar ta jawo wata kujera mai ƙafa uku, ta jingina ta da bango, ta zauna. Sannan ta juya ɗaya gefen jakar.

"Nan fa?"