Ƙusoshin Ƙofar Baya

A shekarar 1956, Kumai ne mai kula da wani siton citta kusa da tashar jirgin Kafanchan. Mata goma sha biyu ke tsintar citta a ciki, buhuna kuwa sun kusa toshe ƙofar gaba.

Duba-gari ya sa shi ya dangwala yatsa cewa ba za a rufe ƙofar baya ba, saboda gobara. Mai siton, Malam Jibir, ya zo daga Jos ya ce, "A can ba haka muke yi ba. Ta nan cittata take yin ƙafa. Buga mata ƙusa, ko ka ajiye makulli."

Kumai ya rasa mafita. Daga ƙarshe ya guntule ƙusoshin, ya buga kawunansu kawai, yadda mai kallo zai ce a rufe take.

Wata ranar Laraba wutar masu farautar gafiya ta biyo ciyawa, ta kama buhunan gaba. Hayaƙi ya turnuƙe siton.

Afiniki, babbar matan, ta yi ihu, "Baba Kumai, ka kulle mu kamar awaki!"

"Tura, Mama! Tura kawai!"

Ta sa kafaɗa, ƙofar ta wangale. Ya ƙirga su a waje, sha biyu cif.

Washegari Malam Jibir ya tsinci guntun ƙusa a bakin ƙofar.

"Ina sauranta?"

Kumai ya dubi matan. Ya ciro makulli ya miƙa masa.