Mijin Mai Awara

Ranar da jami'ar shige da fice ta zo gidan Tamaki, mijinta Nalaka ba ya nan, ya tafi kai awara gidajen abinci na bakin teku. Ko da yana nan ma ba na jin da an samu wani bambanci, domin Tamaki ba za ta yabi mijinta a gaban baƙo ba ko za a ɗora mata wuƙa a wuya. Haka aka rene ta, haka aka rene mu duka a wannan lungu na arewacin Japan. Naka ka kushe shi a gaban mutane, na wani ka kai shi sama. Macen da ta buɗe baki ta ce mijinta mutumin kirki ne, kafin ta kai ƙofa an fara zunɗen ta.

Kakan Tamaki ne ya kafa shagon awarar. Da mahaifinta ya rasu, Innarta kuma ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, sai aikin ya faɗo kanta ita kaɗai: jiƙa wake, niƙa, tacewa, da wuni hannu cikin ruwan sanyi mai yanka fata. Nalaka mutumin Sri Lanka ne. A lokacin yana aiki a kamfanin gyaran kifi, yakan biyo da safe ya sayi dusar wake saboda ita ce mai araha. Wata rana ya tarar tana kokawa da buhu, ya ɗauke mata. Washegari ma ya ɗauke. Kafin a ankara sun yi aure, ga shi ta girme shi nesa ba kusa ba, gari kuwa ya samu abin taunawa.

Tun daga nan zamansa a ƙasar ya rataya a kan auren. Izini ya ƙare, a je birni a sabunta, a dawo ana fargabar na gaba. Bana Tamaki ta ce ta gaji da wannan zaman ɗar-ɗar, ta sa ya nemi takardar zaman dindindin, ita ta tsaya masa. Izinin da ke hannunsa zai ƙare a ƙarshen hunturu, da narkewar ƙanƙara.

Jami'ar wata siririyar budurwa ce mai suna Oikawa. Tamaki ta shigar da ita, ta kawo koren shayi, tana ba da haƙuri wai shayin ba daɗi, gidan kuma kaca-kaca, alhali ko ƙura ba a gani a tabarmar ɗakin.

"Wane irin mutum ne mijinki?" in ji Oikawa.

Tamaki ta rufe baki da hannu ta yi dariya. "Wannan na gidanmu? Ai ba abin da yake tsinanawa. Ci da barci, shi ke nan."

"Me ya ja hankalinki gare shi?"

"Wane hankali, ranki ya daɗe? Shago ne babu mai ɗaga buhu. Ya zo, ya zauna, muka ƙyale shi."

"Kuna fita tare? Kuna hira?"

"Hirar me? Ni ina nan, shi yana can."

Oikawa ta nemi izinin zaga gidan. Ta ga shimfiɗar Nalaka a naɗe a ɗan ɗakin da ke jikin na Inna, ta Tamaki kuwa tana saman bene. Ta tambayi dalili, Tamaki ta ce minshari yake yi. Gaskiyar magana Nalaka ya koma can ne saboda shi kaɗai ke iya ɗaga Inna in tana son zagawa, kuma shi da kansa ya ce Tamaki ta riƙa samun barci. Amma faɗin haka yabo ne. Inna ma daga kwance ta sa baki da harshenta mai nauyi, ta ce, "Baƙo ne, 'yar nan. Haƙuri muke yi da shi." Tsohuwar da ba ta yarda kowa ya sa mata cokali a baki sai shi!

Sai da Oikawa ta sa takalmanta a bakin ƙofa sannan ta juyo. "An kawo mana magana cewa auren nan na takarda ne. Wai ma'aikaci kika ɗauka, kike biyan sa da izinin zama. An ce daga bakinki ake ji, a shago, shekara da shekaru. Na san irin maganarmu, haka mahaifiyata take cewa a kan mahaifina. Amma na zo ne in ji kin ƙaryata, kuma duk abin da kika faɗa ya yi daidai da ƙarar. In aka tabbatar, ba takardar dindindin kaɗai zai rasa ba. Wadda ke hannunsa ma ba za a sabunta ba."

Tamaki ta dubi jami'ar. Maganar tana nan cike da ƙirjinta, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana rusunawa tana cewa, "Ku yi haƙuri da wahalar da muka ba ku." Ta tsaya a sunkuye har motar ta sha kwana.

Bayan 'yan kwanaki aka bugo waya, aka ce su je birni su biyun. Tamaki ta daina cin abinci. Awarar da ta yi a makon nan ruguzewa take yi a hannu, har masu saye suka fara tambaya ko lafiya. Duk inda ta juya sai ta ga gidan ba Nalaka: buhunan wake jibge, Inna tana kira ba mai ɗaga ta, takalmansa na roba ba sa bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mata a rai. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma ta san bakinta ne ya jawo.

Ta tsallaka wurin Kinue, ƙawarta tun ƙuruciya, mai shagon gyaran gashi. Kinue ta saurara har ƙarshe, ta ajiye almakashi.

"Ke dai an yi sakarya. Ma'aikaciyar gwamnati za ki yi wa kawaici? Surukarki ce?"

"To me zan ce? In ce ina son sa, kamar 'yar makaranta?"

"Ki ce mana! Bakinki zai ruɓe ne? Kina da hotunanku tare?"

Babu, sai na ranar ɗaurin aure. Kinue ta ja ta har ƙofar shago, ta ƙwala wa Nalaka kira, ta ce su tsaya ta ɗauke su a waya. Suka tsaya, tsakaninsu akwai wurin da mutum zai wuce da keke.

"Ku matso! Kai, sa hannu a kafaɗarta, ba cizo take yi ba."

Nalaka ya ɗaga hannu. Daidai nan wata tsohuwa ta ɓullo da kwandon cefane, Tamaki ta zame kamar an ɗana mata wuta. Kinue ta duba hoton ta yi tsaki. "Wannan ai sai ka ce daga jana'iza kuke. Ke, ki gaya masa abin da kika faɗa wa yarinyar nan, ya san inda zai gyara. Kina ji na?"

Ta yi niyyar gaya masa, har ga zuciyarta. Da safen da za su tafi suna tsaye a kan tukunya, tururi ya rufe fuskarsa, ta ga dama ce tunda ba sai ta kalli idonsa ba.

"Kai," ta ce, "in sun tambaye ka a kaina..."

"Kada ki damu," ya ce yana juya ludayi. "Na san yadda ake magana yanzu. Ba zan ba ki kunya ba."

Ta ji sanyi a ranta ta yi shiru, don shirun ya fi mata sauƙi. Ta manta da abin da ya faru a farkon aurensu, ranar da ya gaya wa masu sayen awara cewa matarsa ta fi duk matan garin kyau da kirki. Mata suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ita kuwa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Daga baya ta zaunar da shi ta koya masa yadda mai mutunci yake ambaton iyalinsa. Nalaka kuwa ɗalibi ne mai ƙoƙari.

A ofishin aka fara shiga da shi shi kaɗai. Tamaki ta zauna a benci tsakanin wasu mata masu goyo, tana murza hannun jakarta har fatar ta fara saɓulewa. Da aka kira ta, ta tarar da shi zaune ya miƙe baya, fuskarsa wasai irin ta wanda ya ci jarrabawa. Oikawa kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Zan maimaita abin da mijinki ya faɗa, ki gaya mini ko akwai gyara. Ya ce ke tsohuwa ce mai faɗa. Ya ce girkinki ba ya ciyuwa. Na tambaye shi me ya sa ya aure ki, ya ce ba wanda ya ɗauke ki ne, shi kuma yana neman wurin sa haƙarƙarinsa. Na tambaye shi ko yana son ki, ya yi dariya, ya ce aiki dai ake yi."

Nalaka ya saci kallon Tamaki yana jiran ta gyaɗa masa kai.

Kowace kalma tata ce. Har dariyar tata ce. Ta san ba haka yake nufi ba, ita ta koya masa, amma duk da haka sai da maganar ta soke ta. Ashe haka take da zafi in an ji ta daga waje? Shi kuma shekara da shekaru yana tsaye a bayan tukunya yana jin irinta kullum, ba a taɓa ba shi akasinta ba ko sau ɗaya, ko a ɗaka.

"Maganarku ta zo ɗaya," in ji Oikawa a hankali. "Ba ni nake yanke hukunci ba. Na sama da ni ba su ga gidanku ba, abin da kuka faɗa kawai za su gani. In ba ƙari, shi ke nan." Ta kai hannu za ta rufe fayil.

Tamaki ba ta san lokacin da ta cafko hannun Nalaka ta buga shi a kan tebur ba.

"Dubi nan! Dubi hannun nan, duk ya tsage! Da wannan yake ɗaga uwata, da shi yake wanke ta, abin da ni da ta haifa nake kasawa. Ƙarya na yi miki, ba ya minshari! Buhu kuwa, wa ya ce miki ban iya ɗaukar buhu ba? Tun ina yarinya nake ɗauka! In na hango shi tafe ne nake yi kamar ya fi ƙarfina, don ya tsaya. Ni na fara son sa. Ni! In kuka kore shi, ku haɗa da ni, don wallahi ba zan iya buɗe ƙofar gidan nan in ga ba takalmansa ba!"

Muryarta ta fita har waje. Wani ma'aikaci ya leƙo, matan benci suka yi tsit. Tamaki ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ga hawaye, ga majina, mace mai furfura a gaban sa'ar 'yar cikinta. Ta so ƙasa ta tsage. Amma ba ta saki hannun ba.

Oikawa ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta janye hannunta daga fayil ɗin, ta ɗauki biro.

"Kin yi sauri, ban samu komai ba. Ki maimaita a hankali. Ba na yi miki alkawarin za su yarda, an riga an rubuta na farkon. Amma zan kai musu wannan yadda kika faɗe shi."

Wannan ya fi na farko wuya. Na farko ɓallewa ya yi da kansa. Yanzu sai ta ɗauko kowace kalma da hankalinta, ta ajiye a gaban baƙuwa, shi kuma yana zaune yana ji. Ta juya ta dube shi. Bakinsa a buɗe yake, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta.

"Buhun nan," ya ce da wata irin murya, "ashe kina iyawa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya juya wurin Oikawa, yana share fuska da hannun da ya rage masa.

"Ranki ya daɗe, ko kun ba ni takardar ko kun hana, ni dai na riga na ji."

"Rufe mana baki!" in ji Tamaki, tana kuka. "Takardar muka zo nema!"

Ta ƙara damƙe hannunsa har ya yi 'yar ƙara. Ta ja numfashi, ta dubi bakin biron.

"Rubuta," ta ce. "Mijina, Nalaka..."